Littafin da Babarbare Ya Bari

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Baba Muntaka ya zo yau kamar kowace Asabar. Tun daga bakin ƙofa, bai gama cire takalmi ba: "Ina bawan nan nawa? Har yanzu yana zaune yana cin abincin banza?"

Alhaji Nazir na kan kujerarsa ta falo, bargo a gwiwa. Tun farkon shekara nake kula da shi, tun da shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunsa na dama da ƙafa, ta haɗa da magana. Mutumin da ya tsufa yana karanta labarai a rediyo, har babana a Funtuwa ya san muryarsa, yanzu ko ruwa da ido yake nema. Amma yana jin muryar Baba Muntaka sai gefen bakinsa mai rai ya motsa. Ya yi ta kokawa da harshe, ni ina riƙe da kofi ina jira, can ta fito: "Ɓa... rawo."

Baba Muntaka ya yi dariya har da tari, ya juyo wajena. "Ka ji ko, Barau? Wata da watanni bai ce maka na gode ba, amma ɓarawo ta fito tas. Bafillace ke nan."

Shi Babarbare ne, Alhaji Bafillace, kuma tare suka yi aiki a gidan rediyo. Ni Bakatsine ba ni da wasa da ko ɗayansu. Nawa zuba shayi.

Ya zo da wani littafin Turanci mai kauri kamar bulo, bangonsa shuɗi, da shatin gindin kofi a kai. Wai labarin wani iyali ne, uban fasto ne, ɗan kuma besbol ya sa a gaba, wasan nan nasu na sanda da ƙwallo. "Mutanenmu ne sak," in ji shi, "sai dai su Lahadi ce Juma'arsu. Tun kafin kansa ya yi furfura nake ce wa wannan ya karanta, ya ƙi, don babu saniya a ciki." Ya ɗora mini a cinya, wai in riƙa karanta wa Alhaji.

Na ce, Baba, ni fa a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya.

Ya ce, "To ai an dace. Shi ma mai sauraren ba ya iya gyara ka."

Alhaji ya harare shi. Rabon da in ga ya ci rabin faranti sai yau.

Talata, 8 ga Oktoba

Diana mai koya masa magana ta zo da katunanta. Hoton cokali, hoton tuffa, hoton kare. Alhaji ya kafe taga da ido. Ta tambaye ni ko yana magana in ba ta nan. Na ce yana yi, ranar Asabar. Ta ce me yake cewa? Na ce gaisuwa.

Ta yaya zan ce wa Baturiya ɓarawo?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Hafiz, ɗan Alhaji, a nan Amurka aka haife shi. Ya dawo gidan nan na Fort Washington da matarsa Abby da bazara, yana aiki a ɗakin sama a kan kwamfuta. Yana jin Hausa, amma da Turanci yake amsawa. Ba mugu ba ne. Shi yake yanke wa ubansa farce, a hankali, kamar mai gyaran agogo. Sai dai ba sa kallon juna.

Yau ina ninke tawul na ji shi a waya da ƙanwarsa Ramla. In har sabuwar shekara ta zo Abba bai ƙara magana ba, bai ƙara cin abinci ba, za su kai shi gidan kula da tsofaffi da ke wajen Largo. Na san gidan, ta gabansa nake bi in zan tafi ɗakina. Tsaf yake, da furanni. Amma ban taɓa jin akwai mai jin Hausa a ciki ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na fara littafin. Shafi ɗaya ya ci mini tsakanin Azahar da La'asar. Duk kalmar da na karya, sai Alhaji ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa.

Wasan ma ban gane shi ba. Mutum ya doki ƙwallo, ya yar da sanda, ya ruga, ya zagaya ya dawo daidai inda ya tashi, sai a yi ta tafi. A garinmu wanda ya fita da gudu ya dawo inda ya tashi ba a tafa masa, tambayarsa ake me ya faru.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ko da yaushe Hafiz da Abby fita suke yi ranar Asabar. Yau mura ta kama Hafiz, suka zauna. Baba Muntaka ya shigo da ƙarfinsa. Ya tsaya a kan Alhaji yana girgiza kai: "Dubi bawa. Da a da ne da tuni na kai ka kasuwa. To amma wa zai sayi bawa mai hannu ɗaya? Ko akuya gurguwa ba za a ba ni ba."

Bakin Alhaji ya fara motsi. Na san yana haɗo amsa, jira kawai take so.

Abby ta shigo da faranti tana murmushi, ta tambayi mijinta me tsohon yake cewa da ya sa nake dariya. Na ga wuyan Hafiz ya sandare. Ya fassara mata. Kalma da kalma. Abby baƙar Ba'amurkiya ce. Ta ajiye farantin a hankali, ko cokali bai yi ƙara ba, ta hau sama.

Hafiz ya ce wa Baba Muntaka ya fita. Da Turanci, ba ihu.

"Hafizu, ni ne fa. Ni na riƙe ƙafar ragon sunanka."

Ya ce ya sani. Ya ce amma ba a cikin gidan nan ba, kuma ba ga mutumin da ba ya iya ramawa ba.

Alhaji ya yi ta dukan hannun kujera da hannunsa mai lafiya. Hafiz ya durƙusa ya riƙe hannun yana cewa shi ke nan, Abba, ya tafi, ba zai ƙara ba. Baba Muntaka ya fita yana take bayan takalmi, bai tsaya sa su daidai ba.

Ni na hau gyara tebur. Ɗan aiki ne ni. In manya na magana, kofuna nake kwashewa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Shayi kawai Alhaji ya sha. Shi ma rabi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Da safe Alhaji ya nuna hula da ido, zanna bukar ɗin Barebari da yake sawa don a tsokane shi cewa hular iyayengijinsa ya ara. Na sa masa. Ya zauna yana kallon ƙofa. Motar kai saƙo ta tsaya, ya ɗaga kai. Kwali ne na maƙwabta.

Bayan La'asar ya sa hannu ya ture hular da kansa, ta faɗi bayan kujera.

Laraba, 30 ga Oktoba

Dachung, wanda muke ɗaki ɗaya, ya ce sitonsu na Beltsville na ɗaukar mutane kafin Kirsimeti. "Ka zo, mutumina. Kwali ba ya ƙin cin abinci, kwali ba ya mutuwa a hannunka." Na ce zan duba.

Gaskiya ya faɗa. In aka kai Alhaji can, dama aikina ya ƙare.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na tara ƙarfin hali na tsayar da Hafiz a kicin. Turancina ya watse tun a jimla ta biyu, na koma Hausa. Na ce wasa ne, tsakanin Fulani da Barebari, tun kaka da kakanni. Kowa na ce wa kowa bawa. Ko sarki ba ya fushi.

Ya ce ya sani, tun yana yaro yake ji. Ya ce ya taɓa tambayar ubansa, aka ce masa ba zai gane ba, aka ci gaba da dariya. Amma lokacin Abba na ramawa, ya ce, har ya fi. Yanzu ɗaya na tsaye yana zuba, ɗaya na zaune da yawu a haɓa. Wannan wane irin wasa ne?

Na ce yana ramawa.

Ya ce, kalma ɗaya.

Abby na bakin firiji. Ta ce ba ta ƙi Baba Muntaka ba, tana ma son sa. Amma ita a danginsu akwai wadda aka kai kasuwa da gaske, kuma sun san sunanta. Ba za ta iya riƙe faranti tana murmushi ana jefa kalmar nan a falo ba.

Na koma falo. Kowa na da gaskiyarsa a gidan nan, shi kuma Alhaji yana ramewa a tsakiya.

Talata, 5 ga Nuwamba

Wandon Alhaji ya fara zamewa. Na ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na shiga gareji neman hita, na'urar ɗumama ɗaki, na ci karo da wani kwali. Safar hannun besbol ce a ciki, ta fata, ta bushe ta ƙanƙance kamar ƙafar sa da ta kwana a rana. An rubuta Hafiz a jiki da rubutun yaro.

Da yamma ina cikin mota Baba Muntaka ya kira. Bai tsokane ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Yana ci?" Na ce kaɗan.  Na tambaye shi labarin safar.

Ya ce Hafiz ya iya jifa, har mai koyar da su ya tako gidan nan yana roƙo. To atisaye da wasanni Asabar da Lahadi ne, lokacin Islamiyya. Alhaji ya ce a zaɓi ɗaya, kuma shi ya zaɓa masa. Yaron bai yi gardama ba. Ya dai daina amsawa da Hausa.

Na ce, ashe littafin nan ba don ni aka kawo shi ba.

Ya ce, "Kai dai karanta. Da ƙarfi."

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na bar ƙofar falo a buɗe, ta wajen matakala. Na yi ta karatu da ƙarfi kamar mai tallan magani. Mun kai inda kakar yaron, uwar faston, take ɓoye ƙaramar rediyo a cikin gwangwanin fulawa, ran Lahadi ta ce ciwon kai ya hana ta zuwa coci, ta zauna ta ji wasa. Tsohuwar nan ta tuna mini da kakata Iya, da tabarta a cikin tulu.

Ba wanda ya sauko.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Hafiz ya sauko. Wai kofi ya zo ɗauka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ji ina yanka sunayen 'yan wasa, har ya kasa daurewa. Ya ce ba haka ake faɗa ba. Na ce to ni ban ma san me suke yi ba, mutum uku sun tsaya a kan duwatsu suna jiran me?

Ya ɗauki lemo uku da kwalbar magani ya jera a kan tebur ya nuna mini. Waɗancan ukun ba za su iya dawowa da kansu ba, sai wani ya doka musu. Idonsa ya canza yana bayani, hannunsa na hagu yana buɗewa yana rufewa bai sani ba.

Sai ya ce in kawo, shafi ɗaya kawai.

Har aka yi Magariba yana karantawa. Muryar ubansa ce, wallahi, ta rediyo, sai dai da Turanci. Alhaji bai runtse ido ko sau ɗaya ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Sun kai inda faston ya kulle safar ɗansa a kabad ɗin coci, tare da littattafan waƙa. Hafiz ya tsaya a tsakiyar layi. Ya rufe littafin da yatsa a ciki. Hannun Alhaji ya yi ta tafiya a kan bargo, kamar mai neman abin da ya faɗi. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito.

Hafiz ya jira. Ya daɗe yana jira, na ba shi wannan. Sannan ya ce yana da aiki a sama.

Talata, 26 ga Nuwamba

Diana ta ce baya ake komawa. Ko sautin da yake yi da ya daina. Hafiz ya je ya ga gidan na Largo. Ya dawo ya zauna a mota a bakin gareji, bai kashe ta ba, bai fito ba.

A Janairu za a kai Alhaji, in ji shi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Bikin godiya na Amurkawa, ranar cin talotalonsu. Abby ta wuni tana girki, Alhaji ya ci cokali biyu na dankali don kunya. Da muke wanke-wanke ta tambaye ni, ba ta dube ni ba, wai yaushe rabon da Alhaji ya yi magana. Na ce tun ranar da aka kori Baba Muntaka. Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Asabar, 7 ga Disamba

Hafiz ne ya kira Baba Muntaka da kansa, ya ba shi haƙuri, ya ce ya zo, amma don Allah a bi a hankali.

Ya zo da babbar riga. Ya yi sallama a bakin ƙofa ya jira aka amsa. Ya jera takalmansa. Ya zauna a gefen kujera kamar baƙon da ya zo neman aure.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ne."

 A wurinmu, in abokin wasanka ya fara ce maka ranka ya daɗe, ɗayan biyu ne: ko zumunci ya mutu, ko ya hango maka likkafani.

Alhaji ya dube shi, ya dube shi. Sannan ya juya kansa zuwa bango, abin da yake yi da ƙyar ko ni na taimaka masa. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ba ya motsi. Baba Muntaka ya ci gaba da addu'a yana murza hula a hannu, muryarsa na ƙanƙancewa.

Hafiz na tsaye a bayan kujera yana kallon su biyun. Ban san me ya gani ba. Sai na ji Hausa ta fito daga bakinsa, karo na farko tun da na san shi, a karkace kamar ta ɗan koyo:

"Baba. Ka zage shi."

Baba Muntaka ya ɗaga kai ya dubi Abby a bakin kicin. Ta yi magana da Turanci, Hafiz ya fassara: waccan kalmar dai a bar ta a waje tare da takalmi, sauran duk nasa ne. Ai ba ta yarda yarensu ya talauce haka ba.

Tsohon ya gyara murya. Ya buɗe baki ya rufe. Mutumin da zagi ke zubo masa kamar famfo, yau sai da ya nemo.

"Kai," ya ce. "Kai makiyayin da shanu suka sallama. Juyo nan. Wa kake yi wa kwanciyar masu kuɗi? Dubi wuya kamar sandar kiwo. An ce maka ramewa ado ce? To dama ku ba ku taɓa ƙoshi ba tun da aka halicce ku."

 Ina jin hita na hurawa.

Kan ya fara juyowa. A hankali. Leɓen ya yi ta rawa, ba wanda ya taimaka masa, ko Hafiz bai motsa ba.

"Ɓarawo."

Baba Muntaka ya ce, "Shi ke nan? Wata biyu kana tanadi, abin da ka tara ke nan?"

"Ɓarawon... goro."

Kalma biyu.

Hafiz ya fita waje ba riga mai kauri. Na bar shi.

Talata, 10 ga Disamba

Na gaya wa Diana gaskiyar gaisuwar. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ajiye hoton tuffa, ta ce in koya mata. Ta kasa faɗin ɓa. Alhaji ya runtse mata ido.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Sanyi mai shiga ƙashi. An ce dusar ƙanƙara na tafe.

Alhaji bai warke ba, kada in yaudari kaina. Hannun na nan yadda yake. Wasu ranakun ko ɓarawon ba ta fitowa. Hafiz da Ramla sun ce a bar maganar Largo sai bayan azumi a sake dubawa. Dubawa ce kawai, ba fasawa ba.

Hafiz na karanta masa bayan La'asar, amma a hankali suke tafiya. Safar ta bar gareji, na gan ta a kan teburinsa na sama, an shafa mata mai. Ba wanda ya yi maganarta. Ya ce in ɗumi ya dawo zai kai mu fili ni da Baba Muntaka mu gani da ido. Na ce ni ba ruwana da wasan da ake gudu a dawo inda aka tashi.

Jiya da zan tafi na zura littafin a jakata. So nake kawai in ga ko faston zai buɗe kabad ɗin nan, ba wani abu ba. Yau da safe na lallaɓa zan mayar da shi kan tebur kafin a lura. Ashe Alhaji idonsa biyu. Ya bi hannuna da kallo, ya bi jakar, ya dawo kan fuskata. Gefen bakin ya motsa.

"Ɓarawo."

Na waiga. Ba kowa a falon sai ni.

Ni Bakatsine, da ba mu da wasa da su. Na ce, Alhaji, aro na yi. Ya sake faɗa, ya fi na farko fita.

Na je kicin na dama masa koko, na daɗe ina damawa.

Dachung ya sake turo saƙo, wai har yanzu akwai gurbi ɗaya. Zan amsa masa. Ba yau ba, yau akwai aski, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa gemu sai ni.